Tambaya ta arba'in da ɗaya

Na baro Yamai da tambayoyi arba'in cikin jaka,
kowacce da ɗan akwati biyu a gabanta: i ko a'a.
Madam Tasalla ta duba takardar, ta sauke tabarau,
ta ce, "Haladu, da rariya za ka rijiya.
Je ka dai. Tawa za ta koya maka sauran."

A lakwal ɗin da ke bayan tasha
na zauna da Mushe Alƙasum gindin dogon yaro.
"Yara na makara?" I.
"Lalaci ne?" I.
Minti tara muka gama, har ina murna na ci kasuwa.
Da dare na kunna rakoda
sai na ji muryata ita kaɗai ke ta kai da kawowa,
tana cusa wa mutum amsa a baki
kamar mai ɗura wa ɗan akuya magani.

Na kira Madam. Ta yi dariya har layi ya tsinke.
Da ya dawo ta ce, "Ce masa, ba ni labari.
Sannan ka kama bakinka.
Ƙirga goma a zuci."

Ashe shiru kaya ne.
A huɗu gumi ya keto mini.
A bakwai yaron ya daina wasa da igiyar takalminsa.

A takardata sunansa Bawa,
don na yi wa uwarsa alkawari
tun kafin in danna maɓalli.
Ya ce, "Kafin assalatu muna fadama.
Guga talatin albasa ke sha.
In na jiyo an buga ƙarfen lakwal
ina kan na ashirin da biyu,
wanne zan bari?"

Ba ni da akwatin da zan sa wannan.

Awa guda ta magana, awa shida ta rubutu.
Na rubuta tari, na rubuta dariya,
na rubuta inda jaki ya yi kuka ya cinye rabin jimla.
Jan biro ga ruwa, kore ga tsoro.
Shuɗi na ba kunya,
amma da na zo juya ta Faransanci
sai ta ƙi shiga, kamar ƙafar babba a takalmin yaro.
Na bar ta da Hausarta.

Akwai kaye na biyu da Madam ta ce in riƙe,
wanda ni ne abin bincike a cikinsa.
Shekara bakwai na riƙe alli a Madawa.
Na tuna wani Ɗanlele
da na sa gwiwa a ƙasa bakin ƙofa, safiya nawa,
hannuwansa na warin albasa,
ban taɓa cewa daga ina ba.
Na rubuta. Biro ya yi nauyi.

Baki na sha tara, ruwan bai sake launi ba.
Na san guga ta taɓa ƙasa.

Na koma da abin da na haɗa, na karanta musu a kan tabarma.
Uwar Bawa ta ɗaga hannu daga tsintar wake:
"Ka ce talauci. Ni ban ce talauci ba.
Cewa na yi agogon ruwa daban, agogon lakwal daban."
Na soke kalmata a gabanta.
Kalma mai kyau ce, daga Yamai na zo da ita.

Ranar tafiya, Baba Nomau mai gadi ya riƙe mini jaka.
Wata biyu ina wuce shi da sannu kawai.
Na ce, "Baba, me ya kamata in tambaya da ban tambaya ba?"
Ya duba ni, ya duba ƙarfen da yake bugawa kullum,
ya jawo benci da ƙafa.

Motar Yamai ta tashi ba ni.